Me ke hana ƙarin ciwon daji daina girma?

Abu_Safiyya_Agege:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa na wannan zaure. Yayata, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ta zo daga Katsina watanni 3 da suka wuce saboda wani ƙari a mamanta na hagu, kuma tana zaune a wurina a Agege. An yanki ɗan nama an kai ɗakin gwaji, sakamako ya nuna sankarar mama ce, a ƙasan takardar kuma an rubuta HER2 3+. Likitan ya ce wata ƙwayar gado ce ta yi yawa a cikin ƙarin, ita ke ingiza shi, shi ya sa abin da ya fara kamar ƙwayar gyaɗa ya kai girman lemun tsami cikin ɗan lokaci. Hankalina ya tashi a ranar, ban iya tambayarsa komai ba. Abu biyu nake roƙon masana su fahimtar da ni. Mene ne ainihin abin da ke sa naman jikin mutum ya kama girma ba tsayawa? Sannan tunda an ambaci gado, shin 'ya'yanta mata 4 da nawa 'ya'yan su ma suna ɗauke da abin?

Ummu_Khalil:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Yaya lafiya, ya sa kaffara ne. Ni ma ina jiran amsar tambaya ta biyu, domin wannan ciwon ne ajalin mahaifiyarmu.

Ɗalibi_IdiAraba:
Allah ya ba ta lafiya, Malam. Ni ɗalibin likitanci ne, zan faɗi abin da aka koya mana, manyanmu kuma su gyara mini. Ya kamata mu fara raba abubuwa biyu da Hausa ke kira da suna ɗaya, wato ƙwayar halitta, domin daga nan ruɗanin ke tasowa. Akwai ƙwayar jiki, ɗan tubalin da aka gina nama da ƙashi da jini da shi, wanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Akwai kuma ƙwayar gado, wato umarnin da ke rubuce a cikin ƙwayar jiki, wanda ke gaya mata irin furotin da za ta haɗa. Irin ƙwayoyin gadon da ke haɗa furotin sun kai kimanin 20,000 a jikin ɗan Adam, kuma kusan kowace ƙwayar jiki tana riƙe da cikakken kwafinsu.

Lafiyayyar ƙwayar jiki ba ta rabuwa biyu don ganin damarta, sai an aiko mata da izini daga waje. Izinin nan wani ɗan furotin ne da ake kira sinadarin girma. Idan ya iso sai ya sauka a kan wani makarɓi da ke kafe a bangon ƙwayar, rabinsa a waje rabinsa a ciki. Makarɓin ya miƙa saƙon ga wani furotin na ciki, shi ma ya miƙa wa na gaba, hannu da hannu har ya kai inda ƙwayoyin gado suke, sannan a fara shirin rabuwa. HER2 ɗaya ne daga cikin waɗannan makarɓai, yana jiran nasa sinadarin ya zo ya sauka a kansa.

Mahauci_OkoOba:
Shekarata 19 ina aiki a mahautar Oko-Oba, kuma babu yatsan hannuna na hagu da wuƙa ba ta taɓa ba. Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne, komai zurfin yankan, nama yana tsirowa ya cike wurin, amma da ya zo daidai da fata sai ya tsaya cak. Ɗalibi, ashe wannan izinin ne ke aiki a nan? In kuwa shi ne, wa ke janye shi idan aiki ya ƙare?

Likita_Maryam:
Malam Mahauci, ka kawo misalin da ya fi kowane kusa da mu. Idan ka yanke, ƙananan ƙwayoyin da ke daskarar da jini sukan taru a bakin raunin su saki wani sinadarin girma da ake kira PDGF, shi kuma ya umarci ƙwayoyin naman da ke kewaye su hayayyafa su cike gurbin. Abin da ke tsayar da aikin ya fi ɗaya. Sinadarin ba ya daɗewa, makarɓin da ya isar da saƙo akan janye shi cikin ƙwayar a wargaza shi, sannan su kansu ƙwayoyin idan suka cika wuri suka jingina da juna sukan daina rabuwa. Wasu mutane kan yi tabo mai tasowa, kamar wanda ake gani a kunne bayan huji, inda gyaran ya zarce iyaka, amma wannan ba daji ba ne domin ba ya ƙaura zuwa wani sashen jiki.

Yadda aka gano waɗannan sinadarai ma abin lura ne. Wani masani ɗan Amurka, Stanley Cohen, ya yi wa jariran ɓeraye allurar abin da ya tatso daga wurin da ke samar da yawun ɓera, sai ya ga idanunsu sun buɗe kuma haƙoransu sun fito kafin lokaci. A 1962 ya ware sinadarin da ke yin haka, wanda ake kira EGF. Shi da Rita Levi-Montalcini 'yar Italiya, wadda ta gano sinadarin da ke sa jijiyoyin laka su girma, sun sami kyautar Nobel a 1986.

Sai dai akwai gyara ɗaya ga ƙanena ɗalibi. HER2 ɗan gida ɗaya ne da makarɓin EGF, amma shi ba a san masa wani sinadari nasa na kansa ba. A shirye yake zaune kullum, abin da kawai yake buƙata shi ne ya haɗu da wani makarɓi su zama biyu, sai saƙo ya tafi. A lafiyayyar ƙwaya adadinsa bai wuce 'yan dubban goma ba, saboda haka haɗuwar tana da tsari. A irin ƙarin Yaya kuwa, ƙwayar gadon da ke haɗa HER2 ta kwafi kanta sau da yawa, har makarɓan da ke kan ƙwaya guda su kai miliyan 1 zuwa 2. Cunkoso kaɗai ya isa ya sa su riƙa haɗuwa suna aika saƙon rabuwa dare da rana, ko da babu wanda ya aiko da izini. Wannan ita ce amsar tambayarka ta farko, Malam Abu Safiyya, gwargwadon abin da ke cikin takardar.

Ɗalibi_IdiAraba:
Na gode, Likita, na karɓi gyara.

Injiniya_Sani:
Ku bari in gwada da aikina ko na fahimta. Ni ina haɗa injin tura ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa tanki, kuma a gidajen Legas mukan sa makunni mai ƙwallo, wanda ke kunna injin idan ruwa ya yi ƙasa ya kuma kashe shi idan tanki ya cika. Idan aka kira ni cewa ruwa na ta malala, wani lokaci ƙwallon ne ya maƙale, wani lokaci wayoyin cikin akwatin ne suka narke suka manne, ta yadda ko ka cire ƙwallon gaba ɗaya injin ba zai mutu ba. Shin a ciwon daji ma lalacewar tana iya kasancewa can ciki, ba a bakin ƙofa ba?

Likita_Maryam:
Ƙwarai kuwa, Injiniya, kuma wadda ka kira mannewar waya tana da suna, RAS. Shi RAS yana zaune ne a bayan makarɓi ta ciki, aikinsa ya kunnu idan saƙo ya zo, sannan ya kashe kansa bayan ɗan lokaci. Sauyin harafi guda a cikin umarninsa ya isa ya hana shi kashe kansa, sai ya zauna a kunne. A 1982 aka fara gano irin wannan sauyi a jikin ɗan Adam, a ƙwayoyin sankarar mafitsara. Yanzu an san kusan kashi 1 cikin 5 na masu ciwon daji suna da RAS da ya lalace a ƙarinsu, a sankarar fankiriyas kuwa, wato gaɓar cikin da ke samar da insulin, abin ya kai kimanin kashi 90 cikin 100. Wannan yana da tasiri a wurin magani: idan RAS na mai sankarar hanji ya maƙale, maganin da ke toshe makarɓin EGF ba ya amfanarsa, domin ana toshe ƙofa ne alhali mai ɓarnar yana cikin ɗaki.

Akwai kuma ƙwayar da ke haɗa sinadarin girma da kanta ta kuma karɓe shi da kanta, kamar mutumin da ya rubuta wa kansa takardar izini ya sa hannu. Duk ƙwayar gadon da ta sauya ta koma tana ingiza rabuwa haka, ita ake kira onkojin. Inda misalinka ya gaza shi ne, injinka ba ya haihuwa, ita kuwa ƙwayar da ta lalace duk lokacin da ta rabu sai ta gadar wa 'ya'yanta lalacewar, kuma wasu sababbin kurakurai su ƙaru a kai. Shi ya sa da wuya onkojin guda ya haifar da daji shi kaɗai. Sai masu tsawatarwa na cikin ƙwayar, irin su p53 mai umartar ƙwayar da ta ɓaci ta kashe kanta, su ma sun lalace.

Alhaji_Mile12:
Ni ban yarda cewa daga ciki kaɗai abin yake ba. Iyayenmu ba su san wannan ciwon da yawa haka ba. Yanzu kaza tana girma cikin makonni 6, ana cewa allurar girma ake yi mata, mu kuma mu ci. Ta yaya za a ce sinadarin girman nan bai shiga jikinmu?

Malam_Habu_Kimiyya:
Alhaji, ranka ya daɗe, kajin gidan gona suna saurin girma ne saboda zaɓen iri na shekaru da dama da kuma abincin da ake ba su. Sinadaran girman da Likita ke magana a kansu furotin ne, wuta tana lalata su, ciki kuma yana narkar da su kamar sauran nama. Amma kaza tana da babban matsayi a tarihin wannan ilimi. A 1911 wani likita a Amurka, Peyton Rous, ya niƙa ƙarin da ya samu a jikin wata kaza, ya tace ruwan har babu ƙwayar jiki ko ɗaya a ciki, ya yi wa lafiyayyun kaji allurarsa, sai ƙarin ya fito musu. Ƙwayar cuta ce ta bairos, mai kama kaji ba mutane ba. Sai a 1966 aka ba shi kyautar Nobel, bayan shekara 55. Daga baya aka gano ƙwayar gado guda a cikin bairos ɗin, mai suna src, ita ke haddasa ƙarin. A 1976 Michael Bishop da Harold Varmus da abokan aikinsu suka nuna cewa src ɗin nan asalinta ta lafiyayyar kaza ce, bairos ɗin ɗauke ta ya yi ya ɓata ta, kuma mu ma muna da irinta. Daga nan aka fahimci cewa onkojin namu ne na gida, wanda aka halitta don girman jariri da warkewar rauni, sai ya kauce wa aikinsa.

Inda nake tare da kai, Alhaji, shi ne abin da ke waje yana iya jawo kaucewar. Hayaƙin taba yana lalata rubutun gado. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a ajiya suna ɗauke da wata guba mai suna aflatoksin, wadda ke bugun p53 a hanta, kuma haɗarin ya fi tsanani ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Ku da kuke harkar hatsi a wannan gari mai laima, wannan ya fi kaza cancantar damuwarku.

Alhaji_Mile12:
Maganar fumfuna na yarda da ita, domin da idona na ga buhunan da ruwa ya taɓa a hanya an shanya su an mayar kasuwa. Maganar kaza kuwa har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba.

Abu_Safiyya_Agege:
Allah ya saka muku da alheri, na fahimci ta farko fiye da yadda na zata. Amma ku yi haƙuri, ta biyun ce ta fi ci mini rai, kuma Ummu Khalil ma tana jira. Babbar 'yar Yaya shekararta 22, an sa ranar aurenta bayan Sallah, kuma tun da ta ji kalmar gado take kuka.

Likita_Maryam:
Ka kwantar mata da hankali, Malam. Sunan ƙwayar gado ne ya firgita ku, amma ba duk sauyin da ya same ta ake gada ba. Yawaitar HER2 ta faru ne a cikin ƙwayoyin ƙarin kaɗai, a tsawon rayuwar Yaya. Ba ta cikin jininta, ba ta cikin ƙwan haihuwarta, saboda haka ba ta ba 'ya'yanta ita ba, kai ma ba ka ɗauke da ita. Haka mafi yawan onkojin suke. Ciwon dajin da ke bin zuri'a bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba, kuma a sankarar mama yawanci ta wajen masu tsawatarwa da masu gyaran kuskure yake zuwa, musamman BRCA1 da BRCA2, waɗanda ake iya gada daga uwa ko daga uba. Gwajinsu daban ne da wanda aka yi muku.

Hajiya Ummu Khalil, abin da likita zai duba a wurinki shi ne shekarun mahaifiyarku lokacin da ciwon ya kama ta, da ko akwai wasu a dangi na kusa da suka yi sankarar mama ko ta ƙwan mace, ko namiji da ya yi ta mama. Mace ɗaya a dangi wadda ta kamu da shi bayan ta manyanta ba ta nuna gado kai tsaye, ko da yake ya kamata 'ya'yanta su kula da duba kansu. Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ke Jami'ar Shikago, ta daɗe tana bincike tare da likitocin Ibadan a kan matanmu, kuma aikinsu ya nuna sauyin BRCA ba baƙo ba ne a cikin masu sankarar mama a ƙasar nan.

Baba_Obalende:
'Ya'yana, ku ba ni dama in faɗi abin da muka taso muka ji. Manya sun ce daji ba ya son ƙarfe, idan aka taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya harzuƙa. Matar ƙanena an yanki namanta don gwaji, bayan wata 2 ƙarin ya fashe, ba ta kai shekara ba. Abu Safiyya ya ce na yayarsa ya yi saurin girma, to ba yankan ne ya tayar da shi ba?

Nas_Rabi:
Baba, Allah ya jiƙanta da rahama. Na shekara 11 ina jinyar masu wannan ciwo, kuma babu maganar da na fi ji a bakin 'yan'uwanmu kamar wannan. Abin da nake gani shi ne, yawanci ba a zuwa asibiti sai ƙarin ya riga ya yi nisa, an sha jiƙe-jiƙe an yi shafe-shafe na watanni. Sannan ƙari mai ninka kansa, ninkin farko ba ya ganuwa, na ƙarshen ne ke ba da tsoro, domin daga girman ƙwai zuwa ninkinsa abu ne da kowa zai gani. Sai ya zamana lokacin gwajin ya zo daidai da lokacin da abin ke bayyana, a ɗora wa allura laifi. Mai ingiza shi yana cikin ƙwayar tun kafin a taɓa ta. Ba don ɗan naman da aka yanka ba, da babu wanda zai san na Yaya HER2 ne, da kuma ba a san maganin da ya dace da ita ba. Akwai maganin da aka yi musamman don manne wa wannan makarɓi, trastuzumab, wanda aka fara amincewa da shi a Amurka a 1998. Kafin zuwansa irin wannan sankara tana cikin masu wuyar sha'ani, yanzu kuwa tana cikin masu jin magani idan an fara da wuri.

Garba_AlabaRago:
Ina goyon bayan Malama Rabi da abin da ya faru a gidanmu. Ƙanena yana da sankarar jini da ake kira CML. Bayanin da aka yi mana shi ne, igiyoyin gado guda biyu, wato zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kansu, ta 9 da ta 22, sun karye sun yi musayar guntaye, sai ƙwayoyin gado biyu da ba su da alaƙa suka haɗu suka haifi wani furotin, BCR-ABL, wanda ba ya kashe kansa. Ana kiran igiyar da sunan birnin Filadelfiya, inda aka gano ta a 1960. Ƙwayar magani yake sha kullum, imatinib, wadda ke toshe wannan furotin, kuma a asibitin koyarwa na Ile-Ife yake karɓa ƙarƙashin wani shirin tallafi. Shekararsa 7 ke nan, yana kasuwancinsa na awaki, har ya ƙara haihuwa biyu.

Bin_Usman:
Ina taya ku murna, Malam Garba, amma kada mu sa wa mai tambaya rai fiye da kima. CML kusan ƙofa guda gare shi, shi ya sa toshe ta ya wadatar. Yawancin ƙari masu tauri suna da hanyoyi da dama, idan aka toshe ɗaya sai 'yan ƙwayoyin da suka sami wata hanyar su tsira su cike wurin. RAS da aka gano tun 1982, sai a 2021 aka sami maganin farko da ke kama shi kai tsaye, shi ma nau'in sauyi guda kawai yake kamawa. Ga kuma tsada. Na raka ƙanwar mahaifiyata wannan hanya, mun sayar da fili a gida kafin a kammala allurai.

Nas_Rabi:
Gaskiya ka faɗa a kan tsada, ɗan'uwa, ba zan musa ba. Sai dai yanzu akwai wasu kamfanonin da ke yin makamancin trastuzumab a farashi mai sauƙi a kan na asali, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance na farkonsu a Disambar 2019. Yana da kyau iyali su tambayi likita wannan tun farko, su kuma nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya.

Malam_Habu_Kimiyya:
Maganar musayar guntaye ta tuna mini da yaran da muke gani a ƙauyenmu muna ƙanana, waɗanda muƙamuƙinsu ke kumbura cikin 'yan makonni. Denis Burkitt ne ya bayyana ciwon a Yuganda a 1958. A nan ma karyewa ce, tsakanin igiya ta 8 da ta 14, wadda ke kai wata ƙwayar gado mai suna MYC kusa da makunnin da ba ya hutawa a ƙwayoyin garkuwar jiki. Yawan kamuwa da zazzaɓin cizon sauro da bairos ɗin Epstein-Barr suna share wa karyewar hanya, shi ya sa ciwon ya fi yawa a yankinmu. Alhaji, ka ga iyayenmu sun san shi, suna kawai ba su ba shi irin namu ba.

Abu_Safiyya_Agege:
Na karanta wa Yaya da 'yarta amsar Likita Maryam jiya da dare, kuma yarinyar ta ci abinci. Ranar Alhamis za mu koma, an ce sai an yi hoton zuciya kafin a fara allurar. Me ya haɗa zuciya da ciwon mama?

Likita_Maryam:
Ƙwayoyin tsokar zuciya ma suna da HER2 kaɗan, kuma suna amfani da saƙonsa wajen gyara kansu idan sun wahala. Maganin da ke toshe shi a ƙari yana iya rage ƙarfin bugun zuciya a wasu mutane, shi ya sa ake aunawa kafin a fara, a kuma maimaita kusan duk wata 3. Ku tafi da takardar sakamakon ta asali, ku duba abin da aka rubuta a gaban ER da PR, wato makarɓan sinadaran jikin mata, domin su ma suna da nasu maganin, ku kuma gaya wa likitan idan Yaya tana da hawan jini ko tana shan wani maganin gargajiya a yanzu.